Babi na Bakwai: Ikilisiya da Mai Ciwon Damuwa a Tudun Wada, Zariya

Tudun Wada unguwa ce da ta taso a zamanin Turawan mulkin mallaka tsakanin ganuwar birnin Zazzau da Sabon Gari, domin saukar da baƙin da suka zo daga sauran sassan Arewa neman aiki ko fatauci bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma har yau halinta na masaukin baƙi bai canja ba. Wanda ya fito daga Ƙofar Doka ya nufi gadar Kubanni zai ratsa ta cikin shaguna da gidajen haya, ya wuce tsohon mazaunin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya haɗu da ɗaliban harabar Kongo da na makarantar horon malamai ta tarayya. Mafi yawan mazaunan unguwar Musulmi ne, amma a cikinsu akwai Kiristoci da suka daɗe da zama: ma'aikatan jinya da malaman makaranta da 'yan fansho da ɗalibai daga kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da kudancin Najeriya, tare da Hausawa Kiristoci waɗanda asalinsu ke komawa Wusasa ko ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Zazzau da Katsina da Kano. Da yawa daga cikinsu sun baro danginsu a nesa, don haka ikilisiya, wato taron masu bi da ke haɗuwa a majami'a ɗaya, ita ce ta gaji matsayin dangi wajen suna da biki da jana'iza. Abin da hakan ke nufi shi ne, idan ciwon damuwa ya kama mutum a irin wannan gida, ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa ita ce ta fasto ko ta shugabar Zumuntar Mata, tun kafin a yi tunanin likita, kuma abin da aka ji a bakin wannan ƙofa yakan yanke yadda sauran labarin zai kasance.

Ciwon damuwa, a ma'anarsa ta likitanci, ya bambanta da ɓacin ran da kowa ke fuskanta idan ya yi hasara ko aka saɓa masa. Likitoci suna kiran abu da wannan suna ne idan mutum ya shafe aƙalla mako biyu yana cikin ƙuncin zuciya kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa rai, sannan hakan ya zo tare da wasu alamomi: barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita daga rai, jiki ya mutu, hankali ya kasa tsayawa kan abu ɗaya, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani ko ya ɗora wa kansa laifin da bai kai haka ba, a wasu lokuta har ya riƙa tunanin mutuwa ta fi masa. Sharaɗin ƙarshe shi ne abin ya kai ga hana shi aiki ko karatu ko kula da gida. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, mata sun fi maza yawa a ciki, kuma fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu juna biyu da masu jego suna gamuwa da shi. A rahotonta na 2017 hukumar ta sanya adadin Najeriya a kan mutum miliyan 7, wato kashi 3.9 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, alhali ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba. Idan aka auna da wannan ƙiyasi, majami'ar da ke tara mutum ɗari uku ranar Lahadi tana iya samun goma ko fiye a kan bencinanta da ke ɗauke da ciwon, suna rera waƙa tare da kowa.

Dalilin da ya sa ba a gane su shi ne, ba kasafai mai ciwon yake cewa zuciyarsa ce ke ciwo ba. Abin da yake faɗa shi ne kansa na sara, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu yana yawo a jikinsa, ko kuma tunani ya yi masa yawa, daga nan sai a nufi kemis a sayo maganin maleriya, idan bai yi ba a koma na taifot, sannan na ulsa, har kuɗi su ƙare ciwo na nan. Tarbiyyar ƙasar Hausa, wadda Kirista da Musulmi suka yi tarayya a cikinta, ta ɗaukaka haƙuri da kunya da dangana, kuma waɗannan kyawawan halaye ne da suka riƙe gidaje da yawa, sai dai sukan koya wa mutum ya haɗiye abin da ya kamata ya furta. A bayan wannan kuma akwai tsoron kalmar hauka, domin a idon jama'a duk wanda aka gani a layin likitan ƙwaƙwalwa ya zama mai taɓin hankali, kuma tabon ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai, yakan bi ƙannensa mata har ranar da za a zo neman aurensu.

Abubuwan da ke tunzura ciwon ba baƙi ba ne a Zariya. Dattawan ikilisiyoyi suna tune da watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a kwalejin horon malamai ta Kafanchan ya bazu zuwa Zariya aka ƙona majami'u da dama, matasa kuwa suna tune da ranar 17 ga Yunin 2012, lokacin da aka kai harin bam a babban cocin Katolika na Christ the King da ke Sabon Gari da kuma cocin ECWA da ke Wusasa. Wanda ya tsira daga irin wannan rana, ko ya sayar da gona ya fanso ɗan'uwa daga hannun masu garkuwa da mutane, yakan ci gaba da ɗaukar abin a zuciya shekaru bayan kowa ya daina yi masa jaje. A kan wannan aka ɗora yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022, wanda ya bar ɗalibai suna zaman kashe wando, da tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuma shaye-shayen kodin da taramol, wanda wani lokaci shi ne sanadin damuwar, wani lokaci kuma shi ne maganin da saurayi ya nemar wa kansa saboda bai san sunan abin da ke damunsa ba. Duk da haka kuskure ne a ɗauka sai da dalili a fili ciwon ke zuwa, domin gado yana da nasa rabo, haka ma wasu cututtukan jiki kamar matsalar ƙwayar maƙogwaro da ke sarrafa kuzarin jiki, kuma yakan kama mutumin da ke da aiki da iyali da rufin asiri, wanda kowa zai ce ba abin da ya rasa.

A nan ne amsar ikilisiya ke da nauyi, kuma dole a faɗi cewa amsar farko sau da yawa takan ƙara wa ciwon gishiri. Bayani uku ne suka fi yawo a bakin masu bi: ko dai bangaskiyar mutumin ta yi rauni, ko yana ɓoye wani zunubi da bai tuba ba, ko kuma aljanu ne ko sammu daga ƙauye. Sai a ji ana cewa, “Ɗan'uwa, ka ƙara addu'a, ɗan Allah ba ya baƙin ciki,” ko kuma, “Mama, ki bincika zuciyarki, wataƙila akwai wanda ba ki yafe wa ba.” Masu faɗin haka da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma ba su san cewa ɗora wa kai laifi yana cikin alamomin ciwon kansa ba, ta yadda mai ciwon ya riga ya yanke wa kansa hukunci tun kafin su iso, abin da ya rage masa kawai shi ne ya ji wani mai daraja ya tabbatar masa da cewa Allah ma ya juya masa baya. Maganin da ake rubutawa bayan wannan bincike shi ma yakan zo a karkace, domin azumin kwana uku ga wanda dama ya daina cin abinci, da kwanan addu'a ga wanda dama barci ya guje shi, suna raunana jikin da ake so ya farfaɗo. A can ƙarshen wannan hanya akwai abin da ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana a rahotonta na Nuwamban 2019, cewa ana ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da mari a wurare da dama a Najeriya, ciki har da gidajen addu'a na Kirista da cibiyoyin gyaran hali na Musulmi da ma asibitocin gwamnati, watanni biyu bayan 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna.

Abin mamaki shi ne Littafi Mai Tsarki, wanda ake jingina waɗannan maganganu gare shi, ya fi masu wa'azinsa sauƙin hali a wannan batu. Labarin annabi Iliya a sura ta 19 ta littafin Sarakuna na Fari ya isa misali. Mutumin da ya gama samun nasara mafi girma a rayuwarsa a kan dutsen Karmel ya gudu cikin jeji, ya sallami baransa, ya zauna a ƙarƙashin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, yana ganin shi kaɗai ya rage kuma bai fi kakanninsa da komai ba. Tsarin amsar da aka ba shi abin lura ne: an bar shi ya yi barci, an tashe shi aka ba shi gurasa da ruwa, ya koma ya kwanta, aka sake tashe shi ya ci, kuma sai bayan tafiyar kwana arba'in ne aka tambaye shi abin da ya kawo shi, aka bar shi ya zayyana kukansa har sau biyu ba tare da an katse shi ba. Daga ƙarshe aka gyara masa lissafinsa cewa akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa gunki ba, aka ba shi aikin da zai iya, aka haɗa shi da Elisha ya zama abokin tafiya. Babu tsawa a kan raunin bangaskiya a ko'ina cikin surar. Barci da abinci da sauraro da gyaran tunani da ƙaramin aiki da abokin zama, jerin nan bai yi nisa da abin da masu ba da shawara na zamani ke koyarwa ba.

Littafin Ayuba kuwa ya nuna ɗaya gefen. Abokansa uku sun yi tafiya mai nisa suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan, kuma wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi a dukan littafin. Da suka buɗe baki sai suka koma masu bincike, suna neman zunubin da ya jawo masifar, har a sura ta ƙarshe Allah ya nuna fushinsa a kansu saboda ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Yesu da kansa ya ƙi wannan lissafi sa'ad da almajiransa suka tambaye shi ko laifin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, a sura ta 9 ta bisharar Yahaya, kuma a lambun Getsamani ya gaya wa almajirai uku cewa baƙin ciki ya kai ransa bakin mutuwa, abin da ya nema a wurinsu kuwa shi ne su zauna a faɗake tare da shi. Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi, Zabura ta 88 ma ta ƙare cikin duhu ba tare da ko jimla ɗaya ta samun sauƙi ba, amma aka bar ta a cikin littafin sujada. Ikilisiyar da waƙoƙinta duka na nasara ne, wadda lokacin ba da shaida a cikinta na waɗanda suka sami aiki ko haihuwa ko suka ci jarrabawa ne kaɗai, ta rage wa mabiyanta wani sashe na gadonsu, kuma mai ciwon damuwa shi ne na farko da zai ji cewa ba a tanadar masa wurin zama ba.

Kiristocin Zariya suna da wata hujja ta kusa da ba sai sun je nesa nemanta ba. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905 kuma ya yi jagorancin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932, likita ne da ya yi karatu a asibitin St Bartholomew na Landan. Da mishan ta koma Wusasa a ƙarshen shekarun 1920, majami'a da makaranta da asibiti aka kafa a wuri ɗaya, asibitin kuma aka sa masa sunan Luka, marubucin bishara wanda manzo Bulus ya kira likita. Daga wannan ƙaramar al'umma aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewacin Najeriya, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975 kuma daga baya ya zama fasto. A tarihin Wusasa ba a taɓa ɗaukar zuwa asibiti a matsayin gazawar addu'a ba, kuma babu dattijon ikilisiya a yau da zai ce wa mai ciwon suga ko hawan jini ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya. Iyakar da aka ja a wuya, aka ce abin da ke ƙasa na likita ne, abin da ke sama kuma na mai korar aljanu, ba ta da tushe a koyarwar da aka gada.

Tsofaffin malaman ikilisiya a wasu ƙasashe ma sun san ciwon. Martin Luther, wanda shi kansa ya sha fama da duhun zuciya, ya rubuta wa wani matashi mai suna Jerome Weller wasiƙa a 1530 yana ba shi shawara ya guji kaɗaici, ya nemi zama cikin mutane da raha, Richard Baxter kuma a Ingila ta ƙarni na 17 ya riƙa tura masu irin wannan hali wurin likita. A 1953 wani limamin Angalika a Landan, Chad Varah, ya kafa ƙungiyar Samaritans mai sauraron waɗanda rayuwa ta ishe su ta wayar tarho, kuma abin da ya gano shi ne, masu aikin sa-kai da ke ba baƙi shayi suna jin kukansu kafin su shiga wurinsa sukan wadatar da yawancinsu, har wasu su tafi ba tare da sun ga limamin ba.

Wannan binciken na Varah shi ne ya fi dacewa da Tudun Wada, domin abin da ikilisiyoyin Arewa suka fi kowa iyawa shi ne ziyara. Zumuntar Mata, da ɗinkinsu iri ɗaya da tulun kiɗansu da kacau-kacau, suna da tsarin da ma'aikatar lafiya za ta yi sha'awarsa: sun san gidan kowa, sun san wadda ta haihu da wadda mijinta ya rasa aiki, suna da asusu, kuma suna haɗuwa kowane mako. Inda tsarin ke da giɓi shi ne an gina shi ne don masifa mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan aka yi rasuwa gida yakan cika kwana uku ko bakwai, a kawo abinci a yi waƙoƙi, sannan kowa ya watse, alhali ciwon damuwa yakan ɗauki watanni, kuma sau da yawa yakan fara ne daidai lokacin da aka naɗe tabarmin zaman makoki. Haka abin yake ga mai jego, wadda ake kewaye da ita da ruwan zafi da kunun kanwa har kwana arba'in, amma da wuya a sami mai tambayarta ko tana barci idan jariri ya yi barci, ko tana kuka ba dalili. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar da ake bukata a nan ita ce ta mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa zuwa kowane mako har tsawon wata shida, ba ta tawagar mutum ashirin da za ta zo sau ɗaya da ganga ba.

Yadda ake ziyarar ma yana da ƙa'ida. Mai ciwon yakan ƙi fitowa, ya ƙi ɗaga waya, ya amsa gaisuwa da ƙyar, kuma mai ziyara da bai san cewa janyewa daga mutane aikin ciwon ne ba zai yi fushi ya ce an wulaƙanta shi. Zama na ɗan lokaci ya fi dogon wa'azi, tambaya ta fi nasiha, kuma taimakon hannu, kamar ɗebo ruwa ko kai yara makaranta ko raka mutum ya ɗan taka zuwa bakin titi da yamma, yakan isa inda magana ba ta isa ba. Addu'a tana da wurinta, amma gajeriya, da izinin mai ciwon, kuma ba wadda za a fake da ita a yi masa gugar zana ba. Idan ya ce ya kasa yin addu'a ko karanta Littafi, amsar da ta dace ita ce, “Ba komai, Yaya, mu za mu yi a madadinka har ka sami ƙarfi,” domin ɗaukar nauyin juna da wasiƙar Galatiyawa ta yi umarni da shi ya haɗa da wannan. Sai kuma riƙon asiri, wanda a nan ne ikilisiyoyi da yawa ke faɗuwa. Abin da aka gaya wa fasto a ofis ranar Talata bai kamata ya zama roƙon addu'a a gaban jama'a ranar Laraba ba, ko da an sakaya suna, domin a unguwa irin Tudun Wada sakayawar ba ta ɓoye kowa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ikilisiyar da asiri ya taɓa fita daga cikinta sau ɗaya za ta daɗe kafin wani ya sake buɗe baki.

Batun da ya fi kowanne nauyi shi ne na kashe kai, wanda ke cin rayuka fiye da 700,000 a duniya kowace shekara. Akwai tsoron cewa tambayar mutum ko yana tunanin hallaka kansa za ta sa masa tunanin a rai, amma bincike ya nuna ba haka ba ne, tambaya a fili cikin natsuwa takan sauke masa nauyi. Idan ya amsa da e, musamman idan ya riga ya tsara yadda zai yi, to lokacin riƙon asiri ya wuce: ba a barinsa shi kaɗai, ana kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga gidan, a sanar da wani na kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Doka a nan ba ta taimaka ba, domin sashe na 231 na kundin Penal Code da aka gada a Arewa ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, abin da ke sa iyalai su ɓoye wanda ya tsira maimakon su nemar masa magani. Ikilisiyoyi ma suna da nasu tarihin na hana irin waɗannan mamata jana'iza, amma cocin Katolika ta cire wannan hani daga dokokinta na 1983, kuma littafin koyarwarta na 1992 ya bayyana cewa tsananin larurar ƙwaƙwalwa yana rage alhakin mutum, kuma ba a yanke ƙauna daga jinƙan Allah a kansa. Iyalin da aka bari suna cikin waɗanda ciwon ya fi barazana gare su, don haka yadda aka yi da gawar ɗansu magani ne ko guba ga masu rai.

Fasto ba likita ba ne, kuma sanin iyakarsa yana cikin aikinsa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, sannan likita na gama-gari ma yana iya gano ciwon ya fara magani. Damuwa mai sauƙi takan warke da shawara ta hanyar tattaunawa, mai tsanani kuwa takan bukaci ƙwayoyi irin su amitriptyline ko fluoxetine, waɗanda ba sa aiki nan take, sai bayan mako biyu zuwa huɗu ake fara ganin canji, kuma ana ci gaba da shan su aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi don kada ciwon ya dawo. Waɗannan makonnin farko, da mutum ke shan magani bai ga amfani ba, da kuma watannin baya, da yake jin ya warke har yana son ya tashi ya ba da shaida ya jefar da sauran, su ne wurare biyu da kalmar fasto ke iya ceto ko ta kashe. Akwai kuma nau'in ciwon da damuwa ke musanyawa da lokutan zumuɗi, inda mutum zai daina barci, ya yi ta magana ba tsayawa, ya yi ta rabon dukiyarsa yana cewa an yi masa wahayi, wanda a majami'a ana iya ɗaukarsa cikar Ruhu alhali yana bukatar likita da gaggawa, kuma maganinsa daban ne. Kuɗin mota zuwa Shika da kuɗin kati da na maganin wata-wata abu ne da asusun taimakon ikilisiya ke iya ɗauka, kamar yadda yake ɗaukar kuɗin tiyatar haihuwa ba tare da gardama ba.

Haɗa hannu tsakanin masu addini da asibiti ba mafarki ba ne, an gwada shi a Najeriya. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen jama'a tare da danginsu suna karɓar magani. A 2020 mujallar Lancet ta buga sakamakon gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan asibitocin matakin farko suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da masu gidajen addu'a wajen kula da masu taɓin hankali, kuma waɗanda aka kula da su ta wannan hanya suka fi samun sauƙi. A Zimbabuwe kuwa, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, gwajin da aka buga a 2016 kuma ya tabbatar da amfanin hakan. Iyayen Zumuntar Mata ba su gaza waɗannan tsofaffi da komai ba sai horon.

Horon kuwa yana da wuraren da za a fara shi. Kwalejin tauhidi ta St Francis of Assisi da ke Wusasa da sauran makarantun da ke yaye fastoci suna iya sanya gane ciwon damuwa da sanin lokacin tura mutum asibiti cikin darussan kiwon ikilisiya, kuma masu koyarwar suna nan zaune a bencinan majami'u, tunda Zariya gari ne na likitoci da ma'aikatan jinya. Fastocin kansu da matansu suna cikin masu bukata, domin wanda kowa ke kiransa Baba yana kawo masa kuka shi ne ya fi rasa wurin kai nasa. Ilimin kuma ba zai tsaya a bakin ƙofar majami'a ba, saboda a gidan haya na Tudun Wada maƙwabciyar da za ta fara lura cewa wance ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba tana iya zama Musulma, kamar yadda ma'aikaciyar jinya Kirista ke iya zama ta farko da za ta gane halin da amaryar maƙwabcinta ke ciki. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan larura yana da haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Ya rage ga majalisar dattawan kowace ikilisiya a Tudun Wada ta zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙon asiri, ta nemi likita ya horar da su, ta ware musu kuɗin mota a kasafin shekara, sannan fasto ya faɗa daga kan bagade, da Hausar da kowa zai ji, cewa ciwon damuwa ciwo ne kuma yana da magani.